Motar da Ba Ta Shan Ragowa

A layinmu, in ka ga mutum da ƙwanji a hannu, ba wurin ɗaga ƙarfe ya samo shi ba, motar Mai Fenti ce ta ba shi. Babu wanda bai tura ta ba. Tela ya tura, Mai Wanki ya tura, ni da nake aski a shagon da ke manne da nasa na sha barin mutum da rabin kai na fita na tura. Baƙo ma in ya zo tambayar gida, kafin a nuna masa sai ya sa hannu. Shi ya sa sunan yankan mutumin ya ɓace, kowa A-Tura yake ce masa, don kullum da safe maganar da ke fara fita daga bakinsa ke nan: "Jama'a, a tura."

Shi kuwa ba ya amsa wannan suna. Injiniya yake kiran kansa. Sana'arsa rubuta allunan shaguna, amma in ya zauna a bencin ƙofar shagona ya buɗe baki, sai ka rantse shi ya koya wa masu ƙera mota riƙe sifana. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: motarsa, da cewa tun da aka haife shi bai taɓa cin ragowa ba. Abinci in ya kwana, ko wani ya sa hannu ya bari, to ya haramta gare shi. "Ni ba na cin ragowa," haka yake faɗa ko ba a tambaye shi ba.

Motar 'yar ƙarama ce, ja, ta girmi wasu masu aure a layin. Ya sa mata salansa, wato bututun hayaƙi, mai faɗin bakin bokiti, ya kafa mata fiffike a baya, ya zana harsunan wuta a ƙofofinta. Daga ƙarshe ya samo turbo daga jikin wata motar da ta yi haɗari, ya sa aka ɗaura mata. Shi tabo yake kiran abin.

"Maman Auta, yau na sa wa mota tabo," ya ce wa matarsa a ƙofar gida, da ƙarfi yadda za mu ji.

"Wani tabon kuma? Duk waɗanda ke jikinta ba su isa ba?"

"Ba tabon rauni ba. Na inji. Shi ke hura wa inji iska."

"Kamar yadda kake hura mana hanci ke nan."

Da tabon da komai, mota ta ƙi hawa tudu. A fili tana gudu da ruri, amma da ta ga hawa sai ta kama tari kamar tsoho mai asma, ta tsaya. Sai a tura.

Abin da ya ɓata lissafi shi ne ranar da Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta dawo daga makaranta tana kuka. Wai 'yan ajinsu sun jeru a bayanta suna ingiza ta suna cewa "a tura, a tura." Maman Auta ta fito har ƙofar shagon fenti, ta ce masa ko ya sayar da motar, ko ya san yadda zai cire sunan nan daga kan 'ya'yanta. Ana cikin haka sai ga ƙaninta, Mai Biredi, ya faka akwalarsa ta rabon biredi, wadda ba ta taɓa yin gudu ba, ba ta kuma taɓa tsayawa ba.

"Mijin Yaya, sannu da hutawa. In kawo igiya ne, ko yau da hannu za a yi?"

"Kai yaro, ka san da wa kake magana? Akwai dawakai a cikin injin nan da za su ja gidan biredinku har da tanda."

"To ai dawakan naka sun fi son a goya su."

Nan take Mai Fenti ya buga ƙirji. Ya ce a ba shi zuwa ranar hutu ta ƙarshen wata. Za su yi tsere a tudun bayan tsohuwar masaƙa, inda babu mota a ranar. In ya riga akwala kaiwa sama, duk layi a bar kiransa A-Tura har abada, babba da yaro. In kuwa akwala ta riga shi, shi da hannunsa zai rubuta A-TURA a bayan motar, da manyan baƙaƙe. Kawu, tsohon direban babbar mota da ke wuni a bencina, aka naɗa alƙali. Muka shaida.

Washegari ya ja ni rakiya garejin Bakanike. Bakanike ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya goge hannu.

"Ƙishirwa take ji. Ka ƙara mata iska, ba ka ƙara mata mai ba. Sai an canja famfon mai, an canja nozul masu fesa shi a inji. Amma a zaɓi daidai wuyanta, kaɗan sama da nata. In ka wuce gona…"

"Kaɗan?" Mai Fenti ya katse shi. "Motata ce za a ce wa kaɗan?"

Muka wuce shagon mai sayar da kayan gyaran mota. Shi wannan in ka ce masa rana baƙa ce zai ce ai tun jiya ya lura. Ya jera famfuna a kan kanta: ƙarami, matsakaici, da wani mai kaurin gwangwanin madara babba.

"Wannan na waye?"

"Ranka ya daɗe, wannan na motocin tsere ne na gaske. Ba kowa ke tambayarsa ba."

"To ga wanda ba kowa ba ya zo."

"Na gani tun daga takunka, Injiniya."

Kalmar Injiniyan nan ita ta ƙarasa shi. Ya ɗauki babban famfo, ya ɗauki nozul mafiya girma, ya ƙara da tiyo mai launin shuɗi don ya dace da kujeru. Bakanike ya ɗaura yana gunaguni, yana cewa shi dai hannunsa aka ara, ba kansa ba.

Gwajin farko a ƙofar gida aka yi, da hantsi. Mai Wanki ya gama shanya fararen kayan wani asibiti a igiya, tun daga bakin shagonsa har jikin turken lantarki. Mai Fenti ya shiga, ya gyara madubi, ya murɗa makulli. Mota ta yi kakari, ta yi shiru, sannan ta saki wata ƙara da ta sa Tela ya ɗinke aljihun wando da ƙafar wandon. Hayaƙi baƙi ƙirin ya fito daga salansa ya rufe layin. Da ya washe, babu fari ko ɗaya a igiyar Mai Wanki.

Mai Wanki ya zo ya tsaya a tagar mota da zanin gado a hannu.

"A-Tura, wannan fa?"

"Alamar lafiya ce. Inji yana fitar da tsohon ciwo."

"To ya fitar a kan kayan marasa lafiya. Sauko ka kama bokiti."

Ranar Injiniya wanki ya wuni yana yi, ya naɗe hannun riga, mu kuma muna ba shi shawarar inda zai ƙara cuɗawa. Motar kuwa mai ya jiƙe mata fulogi sharkaf, ta ƙi tashi. Muka tura ta gefe.

Gwaji na biyu ya ce ya gano matsalar: matatar mai. Wai ita ke tsare mai a hanya tana yi masa tambayoyi kamar mai gadin ƙofa. Ya cire ta ya jefa a kwata. Babban famfo ya samu sake, ya kwaso duk tsatsar da ke kwance a gindin tanki tun zamanin mai motar na farko, ya ɗura wa sababbin nozul. Mota ta kai bakin kasuwa ta mutu a tsakiyar mahaɗa, daidai lokacin da Mai Biredi ke wucewa. Ya leƙo.

"Mijin Yaya, tseren ne aka fara ba a gaya mini ba?"

'Yan kasuwa suka tura. Waɗanda ba su san sunan ba suka koya a ranar.

Bakanike ya wanke tanki, ya wanke nozul, ya mayar da matata, ya rage wa inji yawan man da yake sha har hayaƙin ya yi sauƙi. Mota ta fara tashi lafiya. Ni kaina na fara jin tsoron za mu rasa sunan nan. Muna tsaye a gareji, sai idon Mai Fenti ya faɗa kan wani siririn tiyo da ya fito daga inji ya bi ƙarƙashin mota.

"Wannan kuma ina za shi?"

"Tanki," in ji Bakanike. "Famfo yana turo mai fiye da abin da inji zai sha. Inji ya ɗebi nasa, sauran ya biyo nan ya koma tanki. Haka yake zagayawa."

Ni dai tsayuwa nake, ban zo da niyyar komai ba. Amma magana ta zo mini har bakin leɓe, ta ƙi komawa.

"Ashe ragowa take sha," na ce.

Mai Fenti ya juyo a hankali.

"Me ka ce, Wanzami?"

"Ba komai, Injiniya. Na ga dai man ya je gaban inji, inji ya ci ya bari, an mayar tukunya, an sake zubo mata. A gidanmu ragowa muke ce wa wannan. Ban san sunansa a turancin injiniyoyi ba."

Ya dafe ƙirji kamar an gaya masa rasuwa.

"Shekara da shekaru. Shi ya sa ba ta hawa tudu. Man da ya je ya dawo ai ya gaji, ƙarfinsa ya tafi. Ana gauraya mata sabo da gajiyayye. Bakanike, toshe shi."

"In na toshe, ƙarfin famfon nan zai fasa tiyo, mai ya watsu a kan inji mai zafi. Ka sayi mota ko ka sayi murhu?"

"To a canja masa hanya."

"Zuwa ina?"

"Wannan aikin injiniya ne."

Bakanike ya tattara sifanunsa ya zuba a akwati. Ya ce daga nan hannunsa ma ya karɓe abinsa, kuma in an tambaya, bai taɓa ganin motar nan ba.

Mai Fenti ya yi aikin da kansa a bayan shago, ya rufe da labule don kada a saci fasaha. Ya cire tiyon daga tanki, ya huda ƙasan but, wurin ajiye kaya a bayan mota, ya zura shi cikin wata babbar jarka da ya ɗaure da igiya. A jikin jarkar ya rubuta RAGOWA da kyakkyawan rubutu, don rubutu kam Allah ya ba shi. Ya tayar da mota ya ɗan zaga layi ya dawo, lafiya lau. Ya leƙa jarka ya ga mai ya taru a gindi.

"Kun gani? Duk wannan dattin, da cikinta zai koma."

Maman Auta ta leƙa ita ma.

"Baban Auta, wannan ai mai ne kamar kowane mai."

"A idonki. Ke da ragowa ai ba kwa faɗa."

"Ragowar ce ta raini 'ya'yanka," ta ce, ta koma ciki.

Ranar tsere duk layi ya kwashe zuwa tudun bayan masaƙa. Tela ya rufe shago. Mai Wanki ya zo, amma ya tsaya ta inda iska ba za ta kai masa hayaƙi ba. Har 'yan kasuwar da suka tura rannan sun zo ganin ƙarshen aikinsu. Maman Auta ta tsaya gefe riƙe da hannun Auta. Mai Fenti ya iso sanye da hular kwano ta masu babur da safar hannu ta masu walda. Mai kaɗan ya zuba a tanki, wai masu tsere ba sa cika ciki kafin gudu, nauyi ne.

Kawu ya ja layi a ƙasa da sandarsa. Motoci biyu suka jeru. Mai Biredi ya kashe akwalarsa yana jira. Mai Fenti kuwa ya bar tasa a kunne, wai inji ya ɗumama, ya fito ya hau kan wani dutse.

"Jama'a, kafin ku ga abin da za ku gani, ya kamata ku san abin da kuke gani."

"Hau mu tafi, biredi na jirana," in ji Mai Biredi.

"Biredi ya jira, tarihi ake yi."

Ya fara daga ranar da ya sayi motar. Ya bi ta kan salansa, ya bi ta kan fiffike, ya yi bayanin tabo da hannu biyu. Ya buɗe bonet ya nuna shuɗin tiyo, ya ce kowa ya matso ya gani amma kada a taɓa. Ya ce masu ƙera motoci na duniya duk sun yi kuskure ɗaya, kuma shi ne mutum na farko da ya gano shi, a bayan shagon fenti. Ya ce zai rubuta musu, amma sai sun zo da kansu sun roƙa. Duk wannan lokaci mota tana ruri a tsaye, babban famfo yana aikinsa. Ni da nake jingine da but ina jin wani sauti a ciki, ƙul-ƙul-ƙul, kamar ana cika tulu. Na matsa gefe na gyara tsayuwa, don ba a katse injiniya yana jawabi.

Kawu ya yi gyangyaɗi ya farka.

"Ɗana, ko dai a ba bakinka lamba shi ma ya shiga tseren?"

Sai a lokacin ya sauko. Ya shiga, ya ɗaure hula, ya taka totur har tsuntsaye suka watse daga rufin masaƙa. Kawu ya ɗaga hankici ya sake.

Gaskiya a faɗe ta: motar ta tashi. Tayoyi suka yi ƙara, ƙura ta turnuƙe, jar motar ta fice kamar an harba ta. Akwala ko giyar farko ba ta gama shiga ba. Auta ta fara tsalle. Maman Auta ta dafe baki. Tela ya ce mini, "Wanzami, sunan nan ya tafi." Mai Fenti ya fito da hannu ta taga yana yi mana bankwana.

Hannun yana waje motar ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi wata 'yar shessheƙa, ta tsaya cak a tsakiyar tudu, sannan ta fara sulalowa baya a hankali har sai da ya ja birkin hannu.

Muka ji yana murɗa makulli. Ya murɗa, ya murɗa, ya sake murɗawa. Akwala kuwa tana tafe, ƙiƙi-ƙaƙa, kamar mai zuwa gaisuwa. Da ta zo daidai shi, Mai Biredi ya rage gudun da ba shi da shi, ya miƙa masa biredi ɗaya ta taga.

"Riƙe wannan, mijin Yaya. Na yau ne, ba ragowa ba."

Ya wuce, ya kai sama, ya juyo, ya faka, ya sauko da ƙafa. Mu ma muka hau da ƙafa muka kewaye motar.

"Maƙiya ne," in ji Mai Fenti. "An taɓa mini inji ina jawabi."

Kawu ya leƙa ta taga ya duba allurar mai. Tana kwance a ƙasa kamar ta suma.

"Babu mai a motar nan."

"Ba zai yiwu ba. Da hannuna na zuba."

"To wa ya sha? Tafiyar ba ta kai ta zuwa masallaci ba."

Maman Auta ta zagaya baya ta ɗaga but. Jarka cike take har wuya, tana ƙyalli, ga rubutu a jikinta kowa yana karantawa. Babban famfon, tun Mai Fenti yana jawabin salansa, yake kwashe tanki yana juyewa a ciki.

Sai Mai Wanki ya fara, wata dariya mai kamar kuka, ya zauna a ƙasa. Daga nan babu wanda ya iya tsayuwa daidai.

"Baban Auta," in ji matarsa, "ga abinci nan a jarka. Ko za ta daure ta ci?"

"Motata ba ta shan ragowa."

"To sai ka zaɓa. Ko ta sha, ko ka faɗi kalmar nan taka a gaban 'yarka."

Ya dubi jarka. Ya dubi Auta. Ya dubi tudu, sama da ƙasa. Ya cire safar walda, ya kwance igiya, ya rungumo jarkar. Babu mazurari, sai da aka yanke gindin wata robar ruwa. Ya durƙusa a gaban jama'a yana ɗura wa motarsa ragowa, Tela yana riƙe masa robar yana cewa, "A hankali, Injiniya, kada ta ƙware."

Ya mayar da jarka, ya shiga, ya gyara hula, ya murɗa makulli. Mota ta ce ƙyat. Ya sake. Ƙyat. Murɗe-murɗen ɗazu ya cinye batir.

Babu wanda ya motsa. Muka harɗe hannuwa muna kallon sama. Ya daɗe riƙe da sitiyari. Can ya sauke gilashi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ba mu ji ba," in ji Kawu.

"Na ce… jama'a, a tura."

Muka tura. Auta ma ta sa hannu, tana dariya har da hawaye, uwarta na ce mata ta bi a hankali, gadon gidansu ne ba mai ƙwace mata.

Washegari da hantsi ya fito da buroshi da ɗan gwangwani, ya tsuguna a bayan mota. Alkawari kam ya cika shi. Baƙaƙen suka fito tsaf, farare, da 'yar inuwa a gefe, irin rubutun da yake yi wa manyan shaguna. Yana yi yana gaya wa Tela cewa ai kowa ya ga tashin farko, kuma a tseren gaske tashin farko ake dubawa, sauran duk tafiya ce kawai.

Na fito da almakashi a hannu na tsaya a kansa. Na ga gwangwanin duk ya bushe a gefe, fentin ɗan kaɗan ne a gindi.

"Injiniya, rubutu ya yi kyau. Sabon fenti ka saya?"

Bai ɗago ba.

"Na allon Mai Wanki ne ya rage," ya ce.